Gani ya kori ji? Nazari a kan taswirar dazuzzukan duniya ta Global Forest Watch

A ranar 20 ga Fabrairu, 2014, cibiyar bincike ta World Resources Institute da ke birnin Washington, tare da abokan aiki fiye da 40 da suka haɗa da kamfanin Google da Jami'ar Maryland da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta buɗe wani shafin intanet mai suna Global Forest Watch. Abin da ke cikinsa taswirar duniya ce wadda mai kallo ke sarrafa ta da hannunsa. Yana iya matso da kowane yanki kusa har ya ga gona ɗaya, yana iya jan sandar shekaru daga 2001 zuwa gaba ya ga yadda launin ruwan hoda ke bazuwa a wuraren da bishiyoyi suka ɓace, kuma yana iya zana iyakar filin da ya dame shi, na'ura ta lissafa masa hekta nawa aka rasa a cikinsa a kowace shekara. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba a neman izinin kowace gwamnati. Wannan nazari ya bi diddigin abin da ya faru bayan nan, domin shafin ya zama misali mai kyau na abin da irin waɗannan taswirori suke iyawa, da kuma inda suke jefa masu amfani da su cikin ruɗu, har da ƙwararru.

Kafin zuwan shafin, wanda yake son sanin halin da dazuzzukan duniya suke ciki yakan jira rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, wanda ke fitowa duk bayan shekara biyar. Ƙasashe ne da kansu suke aika alƙaluman da ake haɗa rahoton da su, wata ta auna da kyau, wata ta yi kirdado a kan ƙidayar da ta tsufa, kuma a ƙarshe abin da mai karatu zai samu shi ne jimilla guda ga ƙasa baki ɗaya. Jimillar ba ta faɗin ko a cikin gandun da doka ta kare aka yi saran, ko a filin da aka ba wani kamfani. Ƙasashe kaɗan ne, irin su Birazil, suke da nasu tsarin sa ido ta tauraron ɗan'adam da suke bayyana wa jama'a.

Abu biyu ne suka sauya wannan hali. Na farko, a 2008 hukumomin Amurka suka daina sayar da hotunan taurarin Landsat, waɗanda suke ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, suka bar su kyauta. A da hoto guda yakan ci ɗaruruwan daloli, saboda haka mai bincike yakan sayi abin da aljihunsa zai iya ne kawai, ya yi nazarin ɗan yanki. Na biyu, Google ya samar da rumbun kwamfutoci mai suna Earth Engine wanda zai iya sarrafa hotunan duka a lokaci guda. Da waɗannan ne Matthew Hansen na Jami'ar Maryland da abokan aikinsa suka tace hotuna fiye da 650,000, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a Nuwamban 2013. Sun gano cewa tsakanin 2000 da 2012 duniya ta rasa rufin bishiyoyi mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 2.3, ta kuma samu sabo mai faɗin miliyan 0.8, sannan raguwar saran daji da aka samu a Birazil ta tafi a banza a lissafin yankunan zafi, domin asarar ta ƙaru a Indonesiya da Maleshiya da Boliviya da Zambiya da Angola. Waɗannan bayanai su ne ƙashin bayan shafin, kuma ana sabunta su kowace shekara.

Abin da ɗigon ruwan hoda yake nufi

Tauraron ba ya ganin bishiya yadda ido ke ganinta. Abin da yake aunawa shi ne hasken rana da ke dawowa daga ƙasa, har da wani nau'in haske da idon mutum ba ya gani amma ɗanyen ganye yake mayar da shi da ƙarfi. Ana raba ƙasa gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, wato kusan gida 11 a hekta ɗaya, kuma kowane tauraro yana komawa kan wuri ɗaya duk bayan kwana 16, idan gajimare bai tare shi ba. Sai a koya wa manhaja da misalan da mutane suka tantance da ido, cewa irin wannan haske na bishiya ne, wancan na ƙasa tsirara. A ƙa'idar masu aikin, duk tsiron da ya wuce mita 5 tsawo bishiya ce, kuma idan rufin ganyen wani gida ya kau gaba ɗaya, sai a shafa masa ruwan hoda a rubuta shekarar.

Ke nan ɗigon yana faɗin abu ɗaya tak: a nan akwai dogayen tsirrai, yanzu babu. Bai san dalili ba. Kurmin da ya shekara ɗaruruwa aka share shi don kiwon shanu, da gonar itacen katako da mai ita ya girbe zai sake dasawa, da tsohuwar gonar kwakwar manja da aka sare don a sabunta ta, da dajin da tsawa ta kunna wa wuta, da wanda guguwa ta kwantar, duka launinsu ɗaya ne a taswirar. Ba a daɗe da wallafa aikin ba wasu masana suka rubuta wa mujallar suna ƙorafin cewa an lissafa gonakin kwakwar manja da na roba a matsayin daji. Amsar masu aikin ita ce sun auna rufin bishiyoyi ne, ba su ce komai a kan amfanin da ake yi da ƙasar ba. Amsar gaskiya ce, amma mai kallon da ya ga tsibirin Borneo na kudu maso gabashin Asiya ko kudu maso gabashin Amurka sun rine da ruwan hoda ba zai tsaya karanta ƙa'ida ba.

A 2018 wani bincike da aka wallafa a mujallar ta Science ya yi ƙoƙarin rarrabe dalilan asarar da aka gani daga 2001 zuwa 2015. Kashi 27 cikin ɗari ne kawai ya fito daga share daji na dindindin don samar da kayan kasuwa irin su naman shanu da waken soya da manja da ma'adinai. Kashi 26 aikin katako ne a dazuzzukan da ake girba a sake rainonsu, kashi 24 noman ƙananan manoma ne da ke share fili su noma shi 'yan shekaru sannan su bar shi ya huta, kashi 23 kuma gobarar daji. Wannan rabo ya nuna cewa wanda ya ɗauki jimillar ruwan hodan ya kira ta “dajin da aka hallaka” ya ninka abin da ya faru kusan sau huɗu, idan abin da yake nufi shi ne ƙasar da aka ƙwace wa daji don kasuwa. Hukumar FAO ita ma tana da nata zaɓin da ke karkatar da lissafi ta ɗaya ɓangaren: a wurinta filin da aka share ƙaf daji ne har yanzu muddin ana sa ran bishiyoyi za su dawo, alhali gonar kwakwar manja mai inuwa ba daji ba ce. Shi ya sa alƙaluman ɓangarorin biyu ba sa haɗuwa, ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba.

Akwai kuma wani abu a tsarin zanen kansa da, a ganina, ya fi kowace ƙa'ida tasiri a zuciyar mai kallo. Idan aka danna maɓallin da ke tafiyar da shekaru, ruwan hodan taruwa yake yi, ba ya gogewa. Gidan da aka girbe a 2003, wanda bishiyoyinsa suka sake girma tuntuni, yana nan da launinsa har ƙarshen sandar. Sabon tsiro kuwa, wanda ake nunawa da shuɗi, ba a raba shi shekara-shekara ba, domin sara yana faruwa a yini ɗaya amma girman bishiya yana ɗaukar shekaru kafin tauraro ya tabbatar da shi. Masu shafin sun gargaɗi jama'a kada su cire shuɗin daga ruwan hodan su ce ga ragowar, saboda hanyoyin auna su sun bambanta. Sakamakon shi ne motsin taswirar ba ya iya ba da labari sai na raguwa, ko a ƙasar da dajinta yake ƙaruwa.

Maɓallin da mutane ba sa taɓawa

A gefen taswirar akwai wani ɗan maɓalli da ke tambayar yawan inuwar da ya kamata gida ya kasance da ita a shekarar 2000 kafin a lissafa shi. An ajiye shi a kan kashi 30 cikin ɗari, kuma ana iya sauke shi zuwa 10 ko a ɗaga shi zuwa 75. A kurmin Amazon ko na Kwango, inda rassa suka haɗe sama, juya shi ba ya sauya lissafi sosai. A busassun yankuna kuwa, inda bishiyoyi suke tsaye ɗaiɗai, shi ne ke yanke hukuncin ko ƙasa tana da abin rasawa ko ba ta da shi. A 2020 masu bincike da suka yi amfani da hotunan da suka fi na Landsat kaifi nesa ba kusa ba sun ƙirga bishiyoyi fiye da biliyan 1.8 a yanki mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3 na Sahara da Sahel a Afirka ta Yamma, kuma mafi yawansu ba su da alama a taswirar da ke auna rufin daji. Haka nan saran ɗauki-ɗaiɗai, inda masu katako ke cire manyan itatuwa masu tsada su bar sauran, sau da yawa yakan wuce ba a gan shi ba, tunda gidan bai tsiraita gaba ɗaya ba.

'Yancin da aka ba mai kallo na gaske ne, sai dai mafi yawan mutane suna karɓar taswira yadda suka same ta a buɗe. Saboda haka zaɓin da mai ƙira ya yi musu tun farko shi ne ke zama alƙaluman da ake kwafa a jaridu da rahotanni.

Rikicin dazuzzukan Turai

Babban darasin lamarin ya fito ne daga hannun ƙwararru, ba daga 'yan kallo ba. A Yulin 2020 mujallar Nature ta wallafa binciken wasu masana na cibiyar bincike ta Hukumar Tarayyar Turai, wanda ya ce faɗin dajin da ake girba a ƙasashen tarayyar ya yi tsalle da kashi 49 cikin ɗari a 2016 zuwa 2018 idan aka kwatanta da 2011 zuwa 2015, kuma kaso mafi tsoka na ƙarin yana Suwidin da Finlan. Masu binciken sun danganta hakan da bunƙasar kasuwar katako da ƙona itace don samar da makamashi. Labarin ya zo a daidai lokacin da ake muhawara a kan manufofin tarayyar game da yanayi da dazuzzuka, don haka ya yaɗu sosai. Tushen lissafin nasu shi ne bayanan Jami'ar Maryland, waɗanda suke ƙarƙashin taswirar.

Masu kula da daji a ƙasashen biyu sun ce abin da aka faɗa bai yi kama da abin da suke gani ba. Suwidin da Finlan suna da ƙidayar daji ta ƙasa da ta kai kusan shekara ɗari, inda ma'aikata ke zuwa dubban filaye na dindindin su auna itatuwa da hannu, kuma ƙidayar ba ta nuna irin wannan tsalle ba. A 2021 gungun masana ƙarƙashin jagorancin Marc Palahí, wanda ke shugabantar cibiyar nazarin dazuzzuka ta Turai a lokacin, suka wallafa martani a mujallar, suka nuna cewa mafi yawan ƙarin ya samo asali ne daga sauyin kayan awo. Wani binciken da ya biyo baya ya ɗora taswirar a kan filayen ƙidayar ƙasashen biyu, ya ga cewa abin da ya yi tsalle bayan 2015 shi ne iyawar taswirar wajen gano girbi, musamman rage cunkoson itatuwa da ake yi a tsakiyar rayuwar gandu, wanda a da take tsallakewa.

Yadda hakan ta faru ba boyayye ba ne. Tauraron Landsat 7 ya samu matsala a 2003 wadda ta sa kusan kashi ɗaya cikin biyar na kowane hotonsa yake fitowa babu komai. Landsat 5 ya daina ɗaukar hotunan da ake buƙata a ƙarshen 2011. A Fabrairun 2013 aka harba Landsat 8 mai na'ura mafi kaifi, hotuna suka ƙaru, sannan masanan Jami'ar Maryland suka gyara manhajarsu fiye da sau ɗaya don ta riƙa kama ƙananan asara, ba tare da an koma an sake tace dukkan shekarun baya da sabuwar hanyar ba. Lamarin ya yi kama da mai awon hatsi da ya sauya mudu a tsakiyar kaka ya ci gaba da rubuta lissafi a shafi ɗaya. An rubuta gargaɗi game da wannan a bayanan da ke rakiyar alƙaluman. Amma sandar shekarun da ke allon tana tafiya sumul daga 2001 zuwa yau, babu tabo ko gaɓa a wurin da awon ya sauya, kuma ginshiƙan jadawalin duk launinsu ɗaya. Abin da zane ya nuna a matsayin abu guda, ido zai kwatanta shi, ko da an rubuta kada a kwatanta a wani shafi na daban. Marubutan binciken na 2020 sun kare aikinsu, suka sake lissafi suka rage adadin, kuma ba wanda ya musa cewa girbin katako ya ɗan ƙaru a Turai a shekarun. Gardamar a kan girman ƙarin ne da kuma ko tsalle ne ko hawa a hankali, kuma a nan ne manufa ke rataye.

Ko shekarar da aka rubuta wa ɗigo ma tana iya zamewa. Gobarar da ta cinye dazuzzuka da ƙasar dausayi a Indonesiya a ƙarshen 2015 ta fi bayyana a alƙaluman 2016, domin hayaƙi da gajimare sun hana tauraron gani sai daga baya. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu shafin ke ba da shawarar a duba matsakaicin shekara uku maimakon a kafa hujja da shekara ɗaya.

Daga gani zuwa hanawa

Alƙaluman shekara suna zuwa ne bayan aikin gama ya gama. Don haka a 2016 aka ƙara wa shafin tsarin gargaɗi mai suna GLAD, wanda ke duba sababbin hotuna yana sanya alama a duk gidan da ake zaton an share, aka fara da Peru da Jamhuriyar Kwango da yankin Kalimantan na Indonesiya. Daga baya aka ƙara wani na Jami'ar Wageningen ta Holan mai amfani da na'urar rada ta taurarin Sentinel-1 na Turai, wadda gajimare ba ya tare ta. Kowa na iya zana yankinsa ya yi rajista, saƙo ya riƙa zuwar masa ta imel. Fatan da aka gina shafin a kansa shi ne idan ɓarna ta fito fili, masu yin ta za su ja da baya.

An gwada wannan fata. Wani bincike da ya fito a mujallar Nature Climate Change a farkon 2021 ya duba ƙasashe 22 na yankunan zafi, ya gano cewa samuwar gargaɗin kawai ba ta rage saran daji ba. Inda aka ga bambanci shi ne wuraren da wani ya yi rajista yana bibiya, kuma ko a nan ma a Afirka ne aka ga raguwar, ta kusan kashi 18 cikin ɗari, musamman a gandayen da doka ta kare da filayen da aka ba kamfanonin katako. A Asiya da Kudancin Amurka ba a ga irin wannan ba. Bayanin da ya fi kusa da hankali shi ne a wuraren da aka samu raguwar akwai wani mai hurumi a kan filin wanda a da ba shi da hanyar sani, alhali wasu ƙasashen tuni suna da nasu tsarin.

Gwajin da aka yi a yankin Loreto na Peru ya fi fito da abin fili, domin an tsara shi kamar gwajin magani. An ɗauki ƙauyuka 76 na 'yan asalin yankin Amazon, aka yi ƙuri'a, kusan rabi suka shiga shirin, sauran aka bar su don kwatance. Ƙauyukan ba su da intanet, saboda haka taswirar da aka ƙera don a taɓa ta a allo sai da aka ɗauke ta a kwalekwale: manzanni suna bin kogi kowane wata da bayanan gargaɗin, wakilan da ƙauye ya zaɓa kuma aka horar suna bin alamar da wayar hannu har wurin, su ɗauki hoto, su kawo wa taron gari. Taron ne ke yanke shawarar ko a kori masu kutsen, ko a kai ƙara gaban hukuma, ko a ja kunnen ɗan gari idan shi ne ya share. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya ƙiyasta raguwar kusan hekta 8 a kowane ƙauye a shekarar farko da kusan hekta 3 a ta biyu, kuma raguwar ta fi yawa a ƙauyukan da suka fi fuskantar barazana. Masu binciken sun bayyana cewa ƙiyasin yana da faɗin kuskure, har ba a iya kore yiwuwar cewa tasirin ƙarami ne ƙwarai, abin da sanarwar da aka raba wa manema labarai ba ta cika jaddadawa ba. Duk da haka abin lura shi ne yawan hannuwan da saƙon ya bi tsakanin tauraro da bishiya, kuma kowane hannu yana buƙatar albashi da man jirgi da ƙarfin halin tunkarar masu haƙar zinare ko masu noman koka, ganyen da ake yin hodar ibilis da shi.

Birazil ta nuna fuska biyu na wannan batu da nata tsarin, wanda ya girmi Global Forest Watch. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, INPE, ta fara fitar da gargaɗin gaggawa a 2004, aka haɗa shi da samamen jami'an muhalli da tara da ƙwace kayan aiki, daga baya da hana bashin noma ga masu laifi. Saran dajin Amazon na ƙasar ya sauko daga kusan murabba'in kilomita 27,800 a 2004 zuwa kusan 4,600 a 2012. A 2019 taurarin suna nan, alƙaluman suna fitowa a fili, amma shugaba Jair Bolsonaro ya ce ƙarya ne, aka sauke shugaban hukumar Ricardo Galvão a watan Agusta, sara kuma ya ci gaba da hawa. A irin wannan yanayi amfanin taswira mai zaman kanta shi ne ta zama shaida ta biyu da gwamnati ba za ta iya korar ma'aikatanta ba.

Abin da masu shafin suka gyara

Adalci ne a ce masu shafin ba su toshe kunne ba. Sun ware kurmin asali na yankunan zafi masu damshi, wanda ba a taɓa share shi ba a tarihin kusa, suka mayar da shi ma'aunin da suke ba da rahoton shekara a kansa, tunda asara a irinsa ba ta rikicewa da girbin gonar katako. Sun ƙara shimfiɗa, wato rukunin bayanai da ake ɗorawa a kan taswirar, wadda ke nuna dalilin asara, da wata da ke raba abin da wuta ta ci da wanda aka sare, da iyakokin gonakin bishiyoyi a ƙasashen da aka samu bayanansu. Da wannan rarrabewar ne aka iya karanta 2024 daidai: asarar kurmin asali ta kai hekta miliyan 6.7, daga miliyan 3.7 a 2023, kuma kusan rabinta gobara ce a shekarar fari mai tsanani, inda Boliviya ta hau matsayi na biyu bayan Birazil. Ba don shimfiɗar wutar ba, da an ɗora wa masu zarto da masu katafila dukkan ƙarin, ko da yake mafi yawan gobarar yankunan zafi ma mutane ne ke kunna ta don share gona kafin ta fi ƙarfinsu.

Kowane gyara kuma yana da farashinsa. Shafin da a 2014 ake fahimtarsa da kallo ɗaya yanzu yana ɗauke da shimfiɗu masu yawa, kowace da shekarunta da ƙa'idarta, kuma wanda ya ɗora biyu a kan juna ya ga sun haɗu zai iya zaton ya gano mai laifi. Ruwan hoda a cikin iyakar wani kamfani ba ya tabbatar da cewa kamfanin ne ya yi saran, domin iyakokin da gwamnatoci ke bayarwa sukan tsufa ko su hau kan juna, kuma akan samu manoma zaune a ciki tun kafin a ba da filin.

Nauyin waɗannan tambayoyi ya ƙaru tun da kasuwa ta shigo ciki. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar da za ta hana shigar da shanu da koko da gahawa da manja da roba da waken soya da katako idan an samar da su a filin da aka share daji bayan 31 ga Disamba, 2020, kuma dole mai shigo da kaya ya ba da wurin gonar a taswira. An ɗage fara aiki da dokar, amma kamfanoni tuni suke tantance masu sayar musu da kaya da irin waɗannan bayanai, kuma shafin yana da sashe na musamman da aka buɗe musu a 2019. Gahawa da koko da ake nomawa ƙarƙashin inuwar manyan bishiyoyi suna kama da daji idan aka hango su daga sama, don haka manomin da ya sare tsofaffin itatuwan gonarsa don ya sabunta ta zai iya fitowa da launin wanda ya ci kurmi. Dokar ba ta ɗaure kowa da wata taswira guda ba, kuma ta ba da damar a kawo wasu hujjoji. Sai dai ga kamfanin da ke sayen kaya daga dubban ƙananan gonaki, cire gonar da aka sa wa alama daga jerinsa ya fi sauƙi da arha a kan tura mutum ya je ya duba, kuma manomin da abin ya shafa sau da yawa ba shi da takardar mallakar fili ko tsohon hoton da zai nuna cewa gonar ta girmi ranar da doka ta yanke.